Gasar zanen yara tsakanin garuruwan ƙawance: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, da zarar labarin gasar nan ya fito, sai malamai da iyaye su yi ta turo mini tambayoyi iri ɗaya. Na tara su a nan. Don Allah a karanta kafin a kira ni.

Za a kai yarona Amurka idan ya ci?

A'a. Zanen ne yake tafiya, yaron yana gida. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗin biza ko na fasfo da sunan gasar zane, ɗan damfara ne, ko da ya zo da takarda mai hatimi.

Mene ne ma garuruwan ƙawance?

Gari biyu ne a ƙasashe daban-daban da hukumominsu suka sa hannu a kan yarjejeniyar zumunci. Legas da Atlanta ta Amurka sun ƙulla tun 1974, Tamale ta Ghana da Louisville ta Amurka a 1979, Accra da Chicago a 1989. Abin ya samo ƙarfinsa daga ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu: Coventry ta Ingila da Stalingrad ta Rasha, waɗanda duk aka yi wa rugu-rugu, sun ƙulla nasu a 1944, yaƙin bai ma ƙare ba.

Wace gasa ce ake magana a kai?

Biyu nake bi. Ta farko ta Sister Cities International ce, ƙungiyar da ta tsiro daga taron da shugaban Amurka Eisenhower ya kira a 1956. Gasarta ta matasa ta fara a 1988, ana ba da jigo sabo kowace shekara, kuma 'yan sakandare ne ke shiga, har zuwa shekara 18. Ban da zane, ana karɓar hoto da waƙe da rubutun zube.

Ta biyu ta Mayors for Peace ce, ƙungiyar magadan gari masu neman zaman lafiya da magajin garin Hiroshima ya kafa a 1982. Yanzu garuruwan da ke cikinta sun haura 8,000. Gasarta ta fara a 2018, ta yara ce 'yan shekara 6 zuwa 15, an raba su rukuni biyu: 6 zuwa 10, sai 11 zuwa 15.

Me yaron zai zana?

A nan ne raina yake ɓaci. Ka ce wa aji su zana zaman lafiya, sai a kawo maka farar kurciya, da duniya, da hannu biyu suna musabaha, da tutoci kewaye. Duk takardun iri ɗaya, domin malam ne ya zana a allo suka kwafa. Malam, alƙalan nan sun ga kurciya dubu kafin taka ta iso. Abin da ba su gani ba shi ne garinku. Na ga zanen wata yarinya da har yanzu nake nuna wa malamai: layin famfo da sassafe, jarkoki rawaya jere, wata tsohuwa an ba ta wuri ta wuce gaba, wani yaro yana taya ƙanwarsa aza bokiti a kan gammo. Bakin famfon ya karkace, ƙafar tsohuwar ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma duk wanda ya kalla ya san mutanen nan suna zaune lafiya. Yaron da ke Hiroshima ko Louisville, irin wannan zanen ne zai sa ya tambayi malaminsa: ina ne nan? To daga wannan tambayar zumuncin yake farawa.

Zan iya ɗan gyara masa?

Kar ka taɓa. Hannun babba ba ya ɓuya a zanen yaro. Ka feƙe masa fensir, ka ba shi takarda mai kauri da kala, ka tashi daga kansa.

Garinmu ba shi da garin ƙawance. Ta ina za mu shiga?

Wannan ce tambayar kirki, kuma amsarta ba guda ba ce. Abin da mutane ke kasa ganewa shi ne, gasannin nan ta hannun gari ake shigarsu. Makaranta ba ta tura zane kai tsaye zuwa Hiroshima. Garin da ke cikin ƙungiyar Mayors for Peace shi ne ke tara zanukan yaransa, ya tace, ya tura waɗanda ba su wuce biyar ba a kowane rukuni. Saboda haka matakin farko shi ne ku buɗe shafin Mayors for Peace a intanet, ku duba jerin garuruwa ƙasa-ƙasa. In kun ga naku, to ku nufi sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ofishin magajin gari in a Nijar kuke. Ku tafi da haƙuri. Mai yiwuwa wanda ya sa hannu a takardar ya sauka tuntuni, magajinsa bai ma san da ita ba. Ku buga shafin da sunan garin yake, ku kai masa a hannu, tare da wasiƙar shugaban makaranta.

In babu sunan garinku, ana iya neman shiga, amma shugaban garin ne zai cike takardar, ba malamin zane ba. Hakan na iya ɗaukar watanni, kuma zai yi wuya ku riski gasar bana. Ni shawarata ku nufi ta baɗi, sai dai in kuna da wani na kusa da ciyaman wanda zai bi muku takardar ofis-ofis.

Ta Amurka, wato ta Sister Cities International, ta fi tsauri, domin sai garinku yana da ƙawance da wani garin da ke cikin ƙungiyar. Yaron da ke zangon Tamale, ko na Kumasi wadda ke ƙawance da Charlotte ta Amurka, ko na Agege a Legas, ƙofarsa a buɗe take, sai dai a nemi kwamitin ƙawancen, wanda sau da yawa 'yan sa-kai ne, kuma na can Amurka kan fi saurin amsa saƙo. Game da yaron da ke karatu a garin amma iyayensa na wani wuri, ko ƙauyen da ke gefen birni, kar ku yanke hukunci da kanku. Ku rubuta ku tambaya, ku ajiye amsar. Sharuɗɗan shekaru da girman takarda da ranar rufewa suna iya canzawa, don haka ku karanta na shekarar da kuke ciki, kar ku dogara da na bara, har da abin da na faɗa a nan.

Mahaifinsa ba ya son a zana mai rai.

Ku kwantar da hankalinku, kuma kar a yi jayayya da uba a kan ɗansa. Jigon gasar bai ce sai da fuska ba. Ga ganuwa, ga rumfunan kasuwa, ga ramukan marinar Ƙofar Mata, ga zayyanar gidajen Birni a Damagaram, ga hasumiyar masallacin Agadas. Hukuncin addini kuwa, ku tambayi malaminku na addini.

Akwai kuɗi?

A ta Amurka akwai kyautar kuɗi ga waɗanda suka zo kan gaba. A ta Hiroshima takardar yabo ce, kuma zanen da ya ci kyautar shugaban ƙungiya ana buga shi a jikin fayil ɗin roba a rarraba. In kuɗi kawai kuke nema, ku bar yaron ya huta.

In ba a zaɓi nasa ba fa?

Yawanci ba za a zaɓa ba, ku gaya masa tun da wuri. Amma kar zanen ya ƙare a durowar malam. Ku ɗaura igiya a barandar makaranta, ku rataye na kowa da kowa, ku gayyaci iyaye ranar raba sakamako. Kuma kafin ku miƙa wa hukuma kowane zane, ku shimfiɗa shi a inuwa ku ɗauki hotonsa da waya, ku rubuta sunan yaron da shekarunsa a baya da fensir, domin na asalin ba lallai ya dawo ba.