Zama a Ƙasar da Ba Ta da Yarjejeniyar Miƙa Masu Laifi: Abin da Doka Ta Tanada

Akwai wani jeri na ƙasashe da ke yawo a intanet, wanda masu yaɗa shi ke cewa duk wanda ya koma ɗaya daga cikinsu da zama, to hannun hukumar ƙasarsa ba zai sake kai wa gare shi ba, saboda babu yarjejeniyar miƙa masu laifi tsakanin ƙasashen biyu. Mutane suna gaskata wannan magana, wasu har suna sayar da kadarori a kanta. Abin yana damuna, domin rabin gaskiya ce, kuma rabin da ba a faɗa shi ne yake cin mutum.

Mu fara da ainihin abin. Kowace ƙasa ikon 'yan sandanta da kotunanta ya tsaya ne a bakin iyakarta. Idan wanda ake tuhuma ya tsallaka, ƙasar da ke nemansa ba ta da hurumin tura jami'anta su kamo shi, sai dai ta roƙi ƙasar da yake ciki ta kama shi ta miƙo mata. Yarjejeniyar miƙa masu laifi alkawari ne a rubuce tsakanin ƙasashe cewa idan irin wannan roƙo ya zo, kuma ya cika sharuɗɗa, to wajibi ne a amsa. Abin ba sabo ba ne. Sulhun da Fir'auna Ramses na Biyu ya ƙulla da sarkin Hittiyawa fiye da shekara 3,000 da suka wuce yana ɗauke da batun mayar da waɗanda suka gudu. A yau Amurka kaɗai tana da irin wannan yarjejeniya da ƙasashe sama da 100, amma ba ta da ita da Rasha, ko Sin, ko Saudiyya, ko Iran, ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Ga inda kuskuren yake. Yarjejeniya tana tilasta wa ƙasa ta miƙa mutum. Rashinta kuwa bai hana ƙasa miƙawa ba, ya dai bar mata zaɓi. Idan ta ga dama ta bayar, idan ta ga dama ta hana. Ƙasashe da yawa dokokinsu na cikin gida sun ba su damar miƙa mutum ko babu yarjejeniya. Jamus tana da irin wannan doka. Dokar Birtaniya ta shekarar 2003 ta yarda a ƙulla shiri na musamman a kan mutum guda da ƙasar da babu wata yarjejeniya da ita. Wasu kuma suna yi ne a kan ban gishiri in ba ka manda: yau na ba ka naka, gobe ka ba ni nawa.

Sannan akwai manyan yarjejeniyoyi na duniya da masu haɗa wancan jerin ba sa ma ambata. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan manyan laifukan da ke tsallaka iyaka ta shekarar 2000, da ta yaƙi da cin hanci ta 2003, dukansu sun ba ƙasashen da suka sa hannu damar ɗaukarsu a matsayin madogara wajen miƙa mutum, ko da babu wata takarda tsakanin su biyun. Kusan duk ƙasashen duniya sun shiga waɗannan. Wasu yarjejeniyoyin kuma suna ɗauke da ƙa'idar ko ka miƙa shi ko ka gurfanar da shi da kanka. Da wannan ƙa'ida aka kama Hissène Habré, tsohon shugaban Cadi. Tun 1990 yake zaune a Dakar cikin rufin asiri. A 2012 Kotun Duniya ta ce wa Senegal ko ta yi masa shari'a ko ta miƙa shi, a 2016 kuma wata kotu ta musamman a cikin Dakar ɗin ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Bai bar ƙasar da ya fake ba, shari'ar ce ta same shi a can.

Amma abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa shi ne wannan. Mutane suna kallon yarjejeniyar a matsayin makamin gwamnati kawai, alhali cikinta cike yake da sharuɗɗan da ke kare wanda ake nema. Dole abin da ake zarginsa da shi ya zama laifi a ƙasashen biyu. Idan a ƙasar da yake zaune ba laifi ba ne, ba a miƙa shi. Dole ƙasar da ta karɓe shi ta yi masa shari'a a kan laifin da ta ambata a takardar roƙonta kaɗai, ba ta kawo shi da sunan zamba ta ɓuge da tuhumarsa da wani abu daban ba. Ba a miƙa mutum kan laifin siyasa, ƙa'idar da Beljiyam ta fara sa wa a doka a 1833, ko da yake an rage mata faɗi sosai, ta yadda ta'addanci da kisan shugabanni ba sa shiga ciki. Ƙasashen da suka soke hukuncin kisa ba sa miƙawa sai an ba su tabbacin ba za a kashe shi ba, musamman tun bayan hukuncin da Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke a 1989 a shari'ar Jens Soering, wanda jihar Bajiniya ta Amurka ke nema. Kuma uwa uba, akwai alƙali. Ana kai mutum kotu, ya ɗauki lauya, ya nemi beli, ya ɗaukaka ƙara.

Wannan hanya tana da tsawo, kuma tsawon nata mai amfani ne ga wanda ake nema. Meng Wanzhou ta kamfanin Huawei, da aka kama a Kanada a Disambar 2018 bisa roƙon Amurka, ta shafe kusan shekara uku tana fafatawa a kotu tana zaune a gidanta bisa beli, daga ƙarshe ta koma Sin a Satumbar 2021 ba a miƙa ta ba. Afirka ta Kudu tana da yarjejeniya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an kuma kama 'yan gidan Gupta biyu, 'yan kasuwar da Afirka ta Kudu ke nema kan zargin almundahana, a Dubai a 2022, amma kotu ta yi watsi da roƙon miƙa su.

Yanzu a kwatanta da Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi. Yana zaune a Dubai, inda babu yarjejeniyar miƙa masu laifi da Amurka. 'Yan sandan Dubai sun kama shi a watan Yunin 2020, kafin wata guda ya cika yana tsaye gaban alƙali a Chicago. Ba a yi zaman sauraron roƙon miƙawa ba, domin ba a buƙace shi ba. Korarsa aka yi daga ƙasar, jami'an FBI kuma suna hannu buɗe. A Nuwambar 2022 aka yanke masa ɗaurin fiye da shekara 11. Da akwai yarjejeniya, da wataƙila ya samu shekaru yana jayayya a kotu. Rashinta ne ya gajarta hanyar.

Kora ita ce babbar ƙofar da mai wannan lissafi yake mantawa da ita. Baƙo ba shi da haƙƙin zama a ƙasar wasu sai da yardarsu. Biza tana ƙarewa. Takardar izinin zama, har wadda ake kira ta dindindin, ana iya soke ta, musamman in an gano mutum ya ɓoye cewa ana tuhumarsa lokacin da ya cike takardu, kuma kusan kowace takardar neman zama tana da wannan tambayar. Fasfo kuwa mallakar gwamnatin da ta bayar da shi ne, tana iya soke shi a rana ɗaya. Da zarar an soke, mutum ya zama baƙo marar takarda, kuma hukuncin marar takarda shi ne a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsa, wato wurin da ya gudo. Jami'in shige da fice ne yake sa hannu a wannan, sau da yawa ba tare da alƙali ya ji labari ba.

Edward Snowden, Ba'amurken da ya fallasa asirin leƙen asirin ƙasarsa, ya ɗanɗani wannan. Ya tashi daga Hong Kong a Yunin 2013, bai yi niyyar zama a Rasha ba, ya da zango kawai ya yi a Mosko. Amurka ta soke fasfonsa, ya maƙale a filin jirgin Sheremetyevo kusan kwana 40 kafin Rasha ta ba shi mafaka ta wucin gadi. Ya samu izinin zama na dindindin a 2020, ya zama ɗan ƙasa a 2022. Ya tsira daga kotun Amurka, babu musu. Amma ya tsira ne domin gwamnatin Rasha ta ga riba a riƙe shi.

Kusan duk waɗanda wannan hanya ta yi wa aiki haka labarinsu yake. Idi Amin ya rasu a Jidda a 2003, Zainul Abidina Ben Ali na Tunisiya ma a Saudiyya ya ƙare rayuwarsa a 2019. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin rufa musu asiri. Gwamnati kuwa tana sauyawa. Julian Assange, wanda ya kafa shafin fallasa asirai na WikiLeaks, ya shiga ofishin jakadancin Ikwado da ke Landan a 2012 a zamanin shugaban Ikwado Rafael Correa. Da mulki ya koma hannun Lenín Moreno, aka janye mafakar, 'yan sandan Birtaniya suka fito da shi a Afrilun 2019, ya kuma ƙara shekara biyar a kurkukun Belmarsh kafin ya sasanta da Amurka a 2024. Yarjejeniyar ma da babu ita yau ana iya ƙulla ta gobe, kuma galibi takan haɗa har da laifukan da aka aikata kafin a sa mata hannu. Masu laifin Birtaniya da suka tare a gaɓar tekun kudancin Sifen bayan tsohuwar yarjejeniyar ƙasashen biyu ta mutu a 1978, sun wayi gari a 1985 an ƙulla sabuwa.

Kariya ɗaya da ke da ƙarfi a doka ita ce ta zama ɗan ƙasa. Rasha, da Sin, da Labanan ba sa miƙa 'ya'yansu, Faransa da Jamus kuma sai ga ƙasashen Tarayyar Turai ko kotunan duniya. Da wannan Carlos Ghosn, tsohon shugaban Nissan, ya dogara lokacin da ya tsere daga Japan a Disambar 2019 a ɓoye cikin akwatin kayan kiɗa, ya sauka a Bairut. Shi ɗan Labanan ne tun asali. Duk da haka a duba yadda zaman yake. Akwai jar sanarwar Interpol, hukumar haɗin kan 'yan sandan duniya, a kansa, Faransa ta fitar da sammacin kama shi a 2022, mutumin da ya saba kwana a nahiya uku cikin mako guda yanzu ba ya iya fita daga ƙaramar ƙasa. Ba'amurken da ya shirya fitar da shi, Michael Taylor, da ɗansa Peter, Amurka ta miƙa su ga Japan a 2021, aka ɗaure su. Wanda kuma yake tunanin sayen takardar zama ɗan ƙasa bayan an fara nemansa, ya sani wasu ƙasashen, irin su Barazil, kariyar ba ta shafi wanda ya samu takardar bayan ya aikata laifin ba.

Game da jar sanarwa, ba sammacin kamu ba ce, Interpol ba ta da 'yan sandan da ke kama mutum. Sanarwa ce ga ƙasashe mambobi 196 cewa wance ƙasa tana neman wane. Amma tasirinta a rayuwar yau da kullum mai nauyi ne. Banki yana rufe asusu, ofishin jakadanci yana hana biza, sannan duk jirgin da mutum ya hau sai ya lissafa inda zai ya da zango. Meng Wanzhou ba Kanada ta nufa ba, canjin jirgi take yi a Vancouver a hanyarta ta zuwa Meziko. Tuhuma kuma ba lallai ba ne ta ruɓe don an daɗe. A dokar tarayyar Amurka, wa'adin da ake ƙayyade wa tuhuma ba ya gudana a kan wanda ya gudu. Wasu ƙasashen, ciki har da Faransa, suna yi wa mutum shari'a a bayan idonsa, su yanke hukunci, su ƙwace dukiyar da ya bari.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowane littafin doka amma yana faruwa, wato sacewa. Isra'ila ta ɗauko Adolf Eichmann, tsohon jami'in gwamnatin Hitler, daga Ajantina a 1960. A Yulin 1984 jami'an kwastan a filin jirgin Stansted suka buɗe wani akwati suka tarar da Umaru Dikko a sume, an shirya fitar da shi daga Birtaniya. A 1992 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa sato wani likita daga Meziko da aka yi bai hana kotun Amurka yi masa shari'a ba.

Ba kowane mai wannan tambaya ne mai laifi ba, kuma ba na so a ɗauka haka nake nufi. Akwai ɗan jarida, da ɗan adawa, da mai fallasa almundahana, waɗanda gwamnatocinsu ke ƙaƙaba wa tuhumar ƙarya. Tsoronsu na gaske ne, ina kuma tare da su. Amma daidai su ne wancan jerin ya fi cutarwa, domin da yawa daga cikin ƙasashen da ke ciki kotunansu ba su da ƙarfin ce wa fadar shugaban ƙasa a'a. Abin da doka ta tanadar wa irin wannan mutum shi ne neman mafaka ƙarƙashin yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, da yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, wadda ta haramta mayar da kowa inda akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa za a azabtar da shi. Ita ta 1951 ba ta rufe wanda ya aikata babban laifin da ba na siyasa ba, amma ta 1984 ba ta ware kowa ba. Interpol ma tsarin mulkinta ya hana ta shiga lamarin siyasa, da soja, da addini, da launin fata, tana kuma da kwamiti mai zaman kansa da ake kai wa ƙorafi a nemi goge sanarwa. Waɗannan kariyoyi suna aiki ne a inda alƙali ke da 'yanci, ko da kuwa ƙasar tana da yarjejeniya da masu nemanka.

Wanda ke da tuhuma ta gaskiya a kansa, lauya a ƙasar da ake tuhumarsa ya fi masa tikitin jirgi amfani. Gudu kansa laifi ne a wurare da yawa idan mutum yana kan beli, yana kuma rufe ƙofar sassauci idan an kamo shi. Ronnie Biggs, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wa jirgin ƙasa fashi a Birtaniya a 1963, ya tsere daga kurkuku a 1965, ya zauna a Barazil shekara 30 da ɗoriya. A 2001, da tsufa da ciwo suka taru masa, ya dawo da ƙafarsa, aka mayar da shi kurkuku ya ci gaba da zaman da ya bari, sai a 2009 aka sake shi saboda rashin lafiya.

Wanda kuwa babu mai nemansa, yana dai son ya koma wata ƙasa da zama ne, batun yarjejeniyar miƙa masu laifi bai kamata ya shiga lissafinsa ba ko kaɗan. Ya tambayi irin izinin zaman da za a ba shi da abin da zai sa a soke shi, ko baƙo yana da damar ƙalubalantar kora a kotu, ko zai iya mallakar gida da sunansa, shekara nawa ake yi kafin a zama ɗan ƙasa, kuma ko ƙasarsa ta asali za ta ci gaba da binsa haraji, kamar yadda Amurka ke bin 'ya'yanta duk inda suke zaune a duniya.