Wasan Dandali da Girman Yaro a Ƙasar Zazzau

Wasan dandali shi ne wasan da yara ke yi a fili, a ƙofar gida ko a tsakiyar unguwa, su da kansu, ba wani babba ne ya tsara musu ba. A birnin Zariya da ƙauyukan da ke kewaye da shi an fi yin sa da yamma bayan an taso daga makarantar allo, da kuma daren farin wata, musamman da kaka idan an kawar da amfanin gona. Masu nazarin girman yara suna ɗaukar irin wannan wasa a matsayin hanyar koyo mai zaman kanta, domin a cikinsa ne yaro ke fara sanin doka, da jiran layi, da yadda ake shan kaye a sake dawowa gobe.

Ire-irensa

Fitaccen wasan maza shi ne langa. Ana rabuwa gida biyu, kowane yaro ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, ana ture juna. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya fita. Akwai wanda ake kira ruwa, wanda 'yan gidansa ke karewa har ya isa wurin sha. Duk wanda ya taɓa yin langa ya san ƙarfi kaɗai ba ya ci. Sai an shirya wanda zai tare hanya da wanda zai yi rakiya, kuma sau da yawa ƙaramin yaro mai sauri shi ake ba ruwa, manya su zama garkuwarsa. Bayan langa akwai kokawa, da ɓuya, da gare, da ƙera mota da kara ko gwangwani.

'Yan mata suna da gaɗa, inda ake da'ira ana tafi, mai bayarwa tana waƙa saura suna amshi. Cikin waƙoƙin akwai zancen aure, da kishiya, da uwar miji, da zambo ga malalaciya, wato yarinya tana jin labarin zaman da ke jiranta tun kafin ta kai. Akwai carafke da ake yi da tsakuwa, mai horar da ido da hannu da ƙirga, da 'yar gala-gala, da tuwon ƙasa, da wasan 'yartsana wanda a cikinsa ake ɗaura aure a kai amarya har a yi suna.

Tashe kuwa na watan azumi ne. Daga goma ga wata yara kan bi gida-gida da dare suna kwaikwayon tsoho, da boka, da ma'aurata masu faɗa. Su ke raba wa juna rawar da kowa zai taka, su kuma raba abin da aka samu, kuma rigimar rabon ma darasi ce.

Abin da aka rubuta a kan Zazzau

Zazzau ta yi dace da tsohuwar shaida a kan ƙuruciya. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa da aka sani da Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954. Mijin Mary, M. G. Smith, yana binciken tattalin arziki da sarautar Zazzau a lokacin. Baba, wadda aka haifa a ƙarshen ƙarni na 19, ta ba da labarin wasanni da waƙoƙin 'yammatancinta, da ƙawance, da riƙon 'ya'yan dangi. Abin da ke fitowa fili a labarin shi ne tarbiyyar yaro ba ta uwa da uba kaɗai ba ce. Ta kakanni ce, da gwaggo, da yayye, da sa'o'i.

A shekarun 1970 Enid Schildkrout ta yi bincike a birnin Kano, ta nuna cewa inda mata ke kulle, yara ne ke haɗa gida da gida ta hanyar aike da talla, kuma a nan suke koyon lissafin kuɗi da gaisuwa da ciniki. Wanda ya san cikin ganuwar Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, zai gane wannan hoto. Sai dai tallar da ke koya wa yarinya lissafi ita ce kuma ke hana ta zaman aji, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Binciken masana

Bajamushe Friedrich Froebel ne ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna lambun yara a 1840, kuma a makarantarsa yara na da 'yan kwamin shuka nasu. A nan gida akwai makamancin haka tun da daɗewa: gayauna, 'yar gonar da uba ke yanka wa ɗansa ya noma wa kansa bayan an tashi daga gandu.

A 1932 Mildred Parten ta Jami'ar Minnesota a Amurka ta wallafa abin da ta gani a wasan yara 'yan shekara 2 zuwa 5. Ta kasa shi gida 6, daga yaron da ke zaune yana kallo, zuwa mai wasa shi kaɗai, zuwa masu wasa gefe da gefe, har zuwa masu haɗa kai da raba aiki. Masanin Rasha Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya ce a cikin wasa yaro kan yi abin da ya fi shekarunsa, kuma yana koyo da sauri idan wanda ya ɗan fi shi sani ya kama masa. A nan ne dandali ya fi ajin zamani. Aji yana tara sa'o'i wuri ɗaya, dandali kuwa yana cakuɗa ɗan shekara 5 da ɗan 12, ga yarinya goye da ƙaninta tana tafi. Ƙarami yana kwaikwayo, babba yana koyon haƙuri da kula.

Wannan batu ya samu goyon baya daga aikin Beatrice da John Whiting na Jami'ar Harvard, waɗanda tun shekarun 1950 suka jagoranci kwatanta yara a wurare 6: Kenya, Indiya, Japan, Filifin, Meziko da Amurka. Sun gano cewa yaran da ake ba raino da aikin gida, kamar na ƙabilar Gusii ta Kenya, sun fi nuna halin taimako da ɗaukar nauyi.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Jamaika. A ƙarshen shekarun 1980 Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 masu tsumburewa, 'yan wata 9 zuwa 24. Ma'aikatan lafiya na ziyartar wasu daga cikin yaran kowane mako tsawon shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da yaro da kayan wasa na gida. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Ba a kashe wata dukiya a kan kayan wasan ba. Gwangwani da tsumma da muke da su a kowane gida sun isa.

Lafiyar jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki sosai na minti 60 a kullum. Hasken rana ma yana kare ido. A birnin Guangzhou na Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara 3, kashi 30.4 cikin 100 ne suka kamu da matsalar ido ta rashin ganin abu mai nisa, alhali a makarantun da ba a ƙara ba kashi 39.5 ne.

Makaranta da fili

Karatu a waje ba baƙo ba ne a Zariya, garin da aka sani da malamai. Almajiran tsangaya a gindin bishiya suke biya allo, da dare kuma a zagaye wuta. A ɓangaren boko, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1965, ta jagoranci wani shirin inganta firamare a jihohin Arewa a farkon shekarun 1970, wanda ya ba da ƙarfi ga koyarwa da Hausa a azuzuwan farko da kuma koyo ta hanyar aikatawa. Malamin da ke son koyar da tsirrai ko duwatsu ko zaizayar ƙasa yana da dutsen Kufena da bakin kogunan Kubanni da Galma a kusa, ba sai ya tsaya zane a allo ba.

Duk da haka fili yana ƙarewa. A Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru gine-gine sun cinye filaye da dama, lunguna sun cika da babura da Keke Napep, fargabar tsaro ta sa iyaye na kulle ƙofa da wuri, ga wayar hannu. Makarantun kuɗi da yawa gidajen haya ne da ba su da inda yaro zai yi gudu, kuma daga boko sai lasin sai Islamiyya har magariba. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya sanya wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro, don haka ya kamata masu ba makarantu lasisi su riƙa tambayar filin wasa kamar yadda suke tambayar aji da banɗaki.

Fili ma yana da nasa haɗarin. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini kan cika da damina, yara su shiga iyo, wani ya nitse, wani ya kwaso tsargiya. Cuta ce da ƙwayarta ke fitowa daga dodon-koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta huda fata ta shiga jiki, kuma babbar alamarta fitsarin jini. Wasu iyaye na ɗaukar jinin alamar balagar namiji, alhali ciwo ne mai rage jini da hana yaro fahimtar karatu. Maganinsa, praziquantel, ana raba shi kyauta a makarantu idan an zo zagayen ba da magani.