Lens ɗin telefoto mai zum

Lens ɗin telefoto mai zum shi ne dogon gilashin da ake ɗaura wa kyamara don a jawo abin da ke nesa ya cika hoto, wanda kuma ake murza shi a ƙara jawowa ko a rage ba tare da an kwance shi an sa wani ba. Shi ne bututun nan, fari ko baƙi, da ake gani a hannun masu hoto a bakin filin wasa, da zauren taron manema labarai, da dajin da ake fakon tsuntsaye. Wanda ya fi yawa a hannun ƙwararru shi ne 70-200mm f/2.8, har ta kai da wuya a sami babban kamfanin kyamara da ba ya ƙera nasa.

Abin da lambobin ke nufi

Lambobin farko, wato 70-200mm, tsawon fokas ne, kuma da milimita ake auna shi. Iya yawan lambar, iya ƙuntatar abin da kyamara ke gani, iya kuma girman da abin ke yi a cikin hoto. A kyamara mai cikakkiyar sensa (sensa ita ce farantin cikin kyamara da ke karɓar haske ya zama hoto), wadda girmanta ya kai milimita 36 da 24, lens na 70mm yana ganin kusurwar da ta kai digiri 34 daga lungu zuwa lungu. A 200mm sai ta tsuke ta koma wajen digiri 12, a 400mm wajen 6, a 600mm kuwa 4 da ɗan kai.

Idan sensar ƙarama ce, lissafin ya sauya. A kyamarori masu ƙaramar sensa da ake kira APS-C, na Nikon da Sony da Fujifilm ana ninka lambar da 1.5, na Canon da 1.6, masu sensar Micro Four Thirds, wadda ta fi ƙanƙanta, kuma da 2. Ke nan 200mm a kan APS-C na Nikon yana ba da faɗin da 300mm zai bayar a cikakkiyar sensa. Lens ɗin bai ƙara tsawo ba, sensar ce take yanke gefen hoton.

Lamba ta biyu, f/2.8, ita ce faɗin ƙofar haske, wadda masu sana'a ke kira afaca. Ana samun ta ne in aka raba tsawon fokas da faɗin ƙofar. Don haka 200mm a f/2.8 yana buƙatar ƙofa mai faɗin kusan milimita 71, kuma wannan ne asalin girman lens ɗin da nauyinsa da tsadarsa. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Hasken da f/2.8 ke shigarwa ya ninka na f/4, ya kuma ninka na f/5.6 sau huɗu. In aka ga lamba ɗaya tal a jikin lens, ƙofar ba ta raguwa komai zumin ɗin da aka yi. In aka ga biyu, kamar f/4.5-5.6, to tana tsukewa yayin da ake jawo abu.

Tarihi

Kalmar telefoto a asali sunan wata dabarar ƙira ce: a sa gilasai masu tattara haske a gaba, masu baza shi a baya, ta yadda bututun zai gaza tsawon fokas ɗinsa. Thomas Rudolphus Dallmeyer a Ingila da Adolf Miethe a Jamus, kowa da nasa aikin, sun fito da irin wannan ƙira a 1891. Zum kuwa ya fara ne a harkar fim da talabijin kafin ya iso ga hoton tsaye. A 1959 aka fitar da Voigtländer Zoomar 36-82mm f/2.8, ƙirar Frank Back, wanda ake ɗauka a matsayin zum na farko na kyamarar hoton tsaye mai fim ɗin 35mm.

An daɗe ƙwararru na yi wa zum kallon hadarin kaji, domin hotonsa bai kai na lens mai tsawo ɗaya kaifi ba. Abin da ya rufe wannan tazara shi ne ƙira da kwamfuta da kuma sababbin gilasai. Dogon lens yana fama da wani aibi: launuka ba sa haɗuwa a wuri guda, sai a ga shunayya ko kore a bakin abu mai haske. Canon ta fara amfani da ƙirƙirarren fulorait, wani dutse mai garau kamar gilashi, a 1969 don maganin haka, Nikon kuma ta bi ta gilashin da take kira ED. Canon ta fitar da EF 80-200mm f/2.8L a 1989, sai EF 70-200mm f/2.8L a 1995. A wannan shekarar ce kuma ta kawo EF 75-300mm mai hana rawar hannu, sannan ta sa wannan fasaha cikin 70-200mm f/2.8 a 2001.

Ire-irensa

Na farko shi ne 70-200mm f/2.8, jakin aikin masu hoton labarai da biki da wasannin cikin zaure. Irin na kyamarorin DSLR, wato masu madubi a ciki, yakan kai wajen kilo ɗaya da rabi. Zuwan kyamarori marasa madubi ya rage nauyin sosai: Canon RF na 2019 giram 1,070 ne, Sony GM II na 2021 kuma giram 1,045. Akwai ƙanensa, 70-200mm f/4, mai kusan rabin nauyin tsohon f/2.8, wanda a kaifin hoto ba ya jin kunya ko kaɗan.

Sai 100-400mm, galibi mai ƙofar f/4.5-5.6, na wasannin rana da namun daji da jiragen sama. Daga nan sai dogaye irin su 150-600mm na Sigma da Tamron, da 200-500mm f/5.6 na Nikon, da 200-600mm na Sony, waɗanda galibi sukan kai kilo biyu. Su ne suka buɗe wa mutane da yawa ƙofar hoton tsuntsaye. A can sama akwai Canon 200-400mm f/4 na 2013 da Nikon 180-400mm f/4 na 2018, masu gilashin da ke ninka tsawon fokas da 1.4 a cikinsu, da ɗan maɓalli ake shigar da shi.

Yadda ake zaɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bi babbar lambar milimita. Tambayoyin da suka kamata su zo farko uku ne: daga wane nisa za a riƙa tsayawa, wane irin haske ake samu a wurin, kuma awa nawa lens ɗin zai yi a hannu.

Batun haske ya fi fitowa fili da misali. Mai hoto yana bayan zaure, fitilu ba su da ƙarfi, mai jawabi yana ɗaga hannu yana juya kai. Don hannun kada ya shafe, ana buƙatar shata, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, ta kai saurin 1/250 na daƙiƙa. A f/2.8 wataƙila ISO 3200 ya isa (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke ƙara ƙarfin hasken da sensa ta karɓa). Wanda ke riƙe da lens ɗin f/5.6 a wuri guda sai ya kai ISO 12800 kafin ya sami haske iri ɗaya, hoton ya cika da tsaki-tsaki, fuskar ta rasa laushinta. A nan f/2.8 ya biya kuɗinsa. Amma wanda aikinsa duk a fili ne da rana, ko yake ɗaukar duwatsu da gine-gine a f/8, nauyin banza kawai zai ɗauka, f/4 ya fi masa. Mai bin ƙananan tsuntsaye kuwa 200mm ba zai kai shi ko'ina ba. 400mm ne mafarin zance.

Nauyi ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake a kanti ba a jin sa. Kilo ɗaya da rabi a minti biyu wasa ne, a awa ta shida kuwa kafaɗa da wuyan hannu ne za su ba da labari, kuma hannun da ya gaji rawa yake yi. Lens ɗin da ya yi wa mai shi nauyi a jaka yake ƙarewa.

Dole kuma bakin lens ya dace da na kyamara. Canon na da EF da RF, Nikon na da F da Z, Sony na da E, sai L da Leica da Panasonic da Sigma suka yi tarayya a kansa. Lens ɗin EF yana hawa kyamarar RF da adafta, haka F yana hawa Z, amma ba a yin akasin haka.

Akwai ƙananan abubuwa da sai an fara aiki ake sanin darajarsu. Wani lens ɗin a ciki yake zum, tsawonsa ba ya canjawa, don haka nauyinsa ba ya rinjaya gaba kuma ba ya yawan zuƙar iska. Wani kuma miƙewa yake yi, ya fi daɗin sawa a jaka. A duba mafi kusancin da yake iya yin fokas, domin wasu in an matso kusa sai tsawon fokas ɗinsu ya ragu sosai duk da an murza zuwa 200mm. A duba ko yana karɓar telekonbata, ƙaramin gilashin da ake sawa tsakanin lens da kyamara don ƙara tsawon fokas: na 1.4 yana mai da 200mm f/2.8 ya koma 280mm f/4, na 2 kuma ya mai da shi 400mm f/5.6, tare da ɗan raguwar kaifi da saurin fokas. Wannan mafita ce ta lokaci-lokaci. Wanda kullum 400mm yake buƙata gara ya sayi lens ɗin da aka ƙera don haka.

Mai sayen na hannu ya haska tocila ta cikin gilashin ya nemi fumfuna mai kama da saƙar gizo da kuma hazo. 'Yar ƙura ba ta ɓata hoto. Ya murza zoben zum daga farko zuwa ƙarshe ya ji ko yana cijewa, sannan ya ɗauki bango mai rubutu a buɗaɗɗiyar ƙofa, ya gwada lungunan hoton huɗu. In gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, alama ce gilasan ciki sun goce, galibi sanadin faɗuwa.

Aiki da shi

Dogon lens yana girmama abin da ake ɗauka, yana kuma girmama rawar hannu daidai da haka. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada shata ta gaza ɗaya bisa tsawon fokas: 1/200 a 200mm, 1/400 a 400mm, a ƙara sauri in sensar ƙarama ce ko mai yawan fiksel. Na'urar hana rawa, wadda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron VC, tana ba da damar saukowa ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Sai dai rawar mai hoto kaɗai take gyarawa. Ɗan wasan da ke gudu ba ruwansa da ita, sai shata ta kai wajen 1/1000, tsuntsu a sama kuwa 1/2000 ko fiye.

Riƙon ma da yadda ake yin sa. Tafin hannun hagu yana ƙarƙashin bututun yana ɗauke da nauyin, yatsu na kan zoben zum, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, kyamara a jingine da goshi, ƙafa ɗaya ta ɗan yi gaba. A saki numfashi a hankali, a latsa maɓalli ba tare da dukansa ba. In za a ɗora a kan tirifod, mazauni mai ƙafa uku, ko sanda mai ƙafa ɗaya, ta ƙafar lens ɗin ake ɗaurewa, ba ta gindin kyamara ba, don kada nauyin ya ja bakin kyamarar. Abin wuyan da ke riƙe da ƙafar yana juyawa, sai a juya kyamarar daga kwance zuwa tsaye ba tare da an kwance komai ba.

Fokas a nan ba ya yafiya. A 200mm f/2.8, mutum na tsaye a nisan mita uku, abin da zai fito da kaifi bai wuce zurfin santimita huɗu ba. In fokas ya sauka a kan hanci, ido ya tafi. Saboda haka ido mafi kusa da kyamara ake nema, kuma in mutane biyu ne ko uku a tsuke ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8. Ga abu mai motsi ana sa fokas mai bin sawu, a kuma yi amfani da maɓallin da ke taƙaita nisan fokas, don kada lens ya tsaya laluben kusa alhali abin yana nesa. Yawancin zum na hoton tsaye sukan ɗan saki fokas in an murza su, don haka a fara yin zumin, sannan a yi fokas.

Ana yawan cewa telefoto yana matse nisa, ya sa dutsen da ke baya ya zo dab da mutumin da ke gaba. Gaskiyar ita ce tsayuwar mai hoto daga nesa ce ke haifar da hakan, lens ɗin yanko wannan ɓangaren kawai yake yi. Sanin wannan yana da amfani: mai son bayan hoto ya yi girma ya narke sai ya ja da baya, ya jawo da zum, ya kuma raba mutumin da abin da ke bayansa. Shi ya sa hoton fuska a 135mm ko 200mm yake fitowa da kyau, hanci da kunne kowa a daidai girmansa.

Akwai abin da ko lens mafi tsada ba ya iya magancewa, wato iskar da ke tsakani. Da tsakar rana zafi na tashi daga kwalta ko yashi ko rufin mota, hoton nesa ya fito yana rawa kamar ana kallon sa ta cikin ruwa. Ƙura da hazo kuma suna cinye launi. Mutane da dama sun zargi lens ɗinsu a kan wannan. Maganinsa matsowa kusa, ko ɗauka da sassafe kafin ƙasa ta ɗau zafi.

Kula da shi

Hular gaban lens tana tare hasken gefe, tana kuma karɓar bugu a madadin gilashi, don haka a bar ta a ɗaure ko a cikin ɗaki. Robobin da ke toshe kafofin lens na ƙwararru suna jure yayyafi da ƙura, amma ba su mai da shi abin nutsawa a ruwa ba. Wajen gogewa a fara hure ƙura da abin hura iska, sannan a bi da ƙyalle mai laushi, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta karce rufin gilashin. In an fito daga ɗaki mai sanyi zuwa waje mai ɗumi da laima, a bar shi cikin jaka a rufe har ya saba, kada raɓa ta kwanta a ciki. A wurin ajiya kuma laima ce abokiyar gaba, ita ke kawo fumfuna. Akwati mai rufuwa ruf da ƙullin silika a ciki, ko kabad mai busar da iska, shi ne mazauninsa in ba a aiki.