Ma'anar magnito: abin da ke ba inji wuta ba tare da batir ba

Duk wanda ya taɓa kai babur ko ƙaramin janareta gyara a Bauchi ya ji wannan kalma. Bakanike zai kwance filogi, ya jingina shi da jikin inji, ya buga kik sau biyu, ya girgiza kai ya ce, "Oga, babu wuta, sai an buɗe magnito." Yawanci abin da yake nufi shi ne kwanon ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a gefen inji, wanda in ka kai sukundireba kusa da cikinsa sai ya fizge ta. Bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa zancen ba. Kwanon gidan maganaɗisu ne kawai, wato mayen ƙarfe. Magnito sunan haɗin ne gaba ɗaya: maganaɗisu, da kwayil (naɗaɗɗiyar waya), da abin da ke yanke wuta a lokacin da ya dace, har tartsatsi ya tashi a bakin filogi ba a roƙi batir komai ba.

A nan ma'anar take. Mota in batirinta ya mutu sai turi ko aro. Injin da ke da magnito bai san wannan wahala ba, juyawarsa ce ke haifa masa wuta.

Tushen abin ya faro ne daga binciken Michael Faraday na Ingila a 1831, cewa in maganaɗisu ya gilma kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki na gudana a cikinta. A cikin magnito naɗi biyu ne. Na farko waya ce mai ɗan kauri, naɗinta ba yawa. Na biyu siririya ce kamar gashin kai, an naɗe ta sau dubbai a kan ta farkon. Maganaɗisu na juyawa, wuta na taruwa a naɗin farko, sai kwantak, wato 'yan ƙarafa biyu masu haɗa baki su rabu, ya buɗe baki farat ɗaya ya yanke ta. Wannan yankewar ce ke sa naɗi na biyu ya harbo wuta mai ƙarfin fiye da bolt 10,000, ta bi waya ta tsallaka bakin filogi. Kwandensa kuma, ɗan gwangwanin nan da bai kai ɗan yatsa tsawo ba, shi ke shanye wutar da za ta ƙone bakin kwantak, ya sa yankewar ta zama mai tsabta. A baburan yau CDI, wato ɗan akwatin lantarki mai sakar wa filogi wuta, ya karɓi aikin kwantak, amma uwar dabarar tana nan.

Kamfanin Robert Bosch na Jamus ya ɗora magnito a injin abin hawa a 1897, sannan a 1902 injiniyansa Gottlob Honold ya fito da irin mai ƙarfin da ke aiki da filogi. Manoma sun more shi ƙwarai. A tsakiyar shekarun 1930, kusan gona ɗaya cikin goma ce ke da lantarki a Amurka, to ina za a yi cajin batir? Shi ya sa taraktocin zamanin, irin su John Deere A da aka fara ƙerawa a 1934 da Farmall H ta 1939, suka zo da magnito a matsayin akwati guda mai zaman kansa, ɗaure a gefen inji, wayoyin filogi na fitowa daga kansa. Kamfanonin Wico da Fairbanks-Morse sun yi suna wajen ƙera shi, International Harvester mai taraktar Farmall kuma nata take yi, kamar samfurin H4. Da yawa daga cikin waɗannan taraktoci da fetur ake tayar da su, in sun ɗau zafi a juya su kan kananzir ko wani mai mai arha.

Taraktocin da muka saba gani a nan ba su cikin wannan lissafi. Steyr da aka yi ta haɗawa a nan Bauchi, da jajayen Massey Ferguson da ke huɗa a gonakinmu, dizal suke sha, shi kuwa injin dizal ba ya da filogin tartsatsi, matsin iska ne ke kunna mansa. Saboda haka wanda ya ce maka magniton taraktarsa mai dizal ya lalace, altaneta mai cajin batir yake nufi, ko kuma wani ya karɓi kuɗinsa a banza.

Ni kaina sau ɗaya na ga magniton tsohuwar tarakta ido da ido, a rumfar wani dattijon mai rewaya a bayan gari. Wani ne ya gaji taraktar a gonar kakansa, ta shekara da shekaru a gindin tsamiya kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, ya kwanto akwatin ya kawo. Dattijon ya damƙe shi a bais, ya riƙe bakin waya kusa da jikin akwatin, tazarar da ba ta wuce faɗin ƙwayar masara ba, ya murɗa gindin a hankali. Abin ya yi tauri, ya yi tauri, sai ƙas! Tartsatsi shuɗi ya tsallaka.

Na ce, "Baba, wani abu ya karye a ciki ke nan?"

Ya yi dariya. "Ɗana, ranar da ba ka ji wannan ƙarar ba, ranar za ka damu."

Ƙarar ta wani sifirin ce da ke gindin magnito. Matsalar magnito ita ce ƙarfin wutarsa na bin saurin juyawarsa, mutumin da ke murɗa inji da hannu kuwa ba shi da wannan sauri. Sai aka sa wata 'yar ƙugiya da ke riƙe maganaɗisun yayin da sifirin ke ɗaurewa, in fistin ya kai ƙololuwa ta sake shi, ya fyaɗa da gudu. Riba biyu ce: ga wuta mai ƙarfi, ga jinkirta ta kaɗan don kada inji ya mayar da ƙarfen tayarwa baya ya karya wa mutum hannu. Da inji ya kama, ƙugiyar sai ta janye da kanta saboda saurin juyi. In datti da busasshen mai sun daskarar da ita, sai ka wuni kana murɗawa kana zufa babu ko tari, alhali sauran kayan lafiya lau. Wanki da kananzir da ɗigon mai kaɗan sukan ishe ta.

Yawancin magniton da aka yanke wa hukuncin mutuwa, a ganina, ba su mutu ba. Kwantak ne ya yi tsatsa, sai a goge bakinsa a daidaita tazararsa, wadda a irin Wico kusan milimita 0.4 ce (dattijon da kwalin ashana ya auna, ya ce bai taɓa ba shi kunya ba). Ko kwandensa ne ya tsufa. Ko maganaɗisun ya yi sanyi, musamman tsofaffin nan masu siffar kofaton doki da aka yi kafin zuwan alniko, ƙarfen da ya fi riƙe ƙarfin maganaɗisu, a shekarun 1930; waɗannan ana sake cusa musu ƙarfi da babban naɗin lantarki, kuma in an cire su ba a barinsu haka nan, sai a gitta musu ƙarfe a baki biyun. Ciwon da ya fi ruɗa mutane shi ne na kwayil. Inji zai tashi da safe sumul, ya yi rabin awa yana aiki, ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. Mai shi sai ya ɗora laifin kan kafireto ko fetur. Nan kuwa rufin siririyar wayar ne ya tsufa, zafi na sa shi laushi wuta ta riƙa zurarewa ta ciki. Maganinsa sabon kwayil ko sabon naɗi, kuma ba kowane mai naɗin fanka ba ne zai iya da waya mai wannan sirantaka.

Akwai kuma kisan ganganci. Wayar da ke fita daga magnito zuwa makunni ba ta karɓar wuta ba ce, ta kashe inji ce: in an haɗa ta da jikin ƙarfe, wuta ta zube, inji ya tsaya. Yaron gareji da ya saba da mota sai ya ga waya a sake ya jona mata batir. Cikin ɗan lokaci kwayil ya ƙone.

Samun wani magniton kuwa sai da sa'a. A Amurka da Ingila masu sha'awar tsofaffin taraktoci suna da kasuwarsu, har sabbin kwayil da kwantak ake ƙera musu, ana saye ta intanet. Mu nan sai bin 'yan gwangwan, ko aike Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma sai ka riga guduma isa, don mai awon kilo jan ƙarfen ciki yake hange.

In an samu wanda ba na injin ba ne, nan ake gane gwani. Ramukan kusoshi su ne ƙaramin aiki, mai walda da mai injin sassaƙa ƙarfe za su yi maka faranti. Abin dubawa na farko shi ne ɓangaren da yake juyawa, dama ko hagu, don sifirin da ƙugiyar an yi su ne domin hanya ɗaya. Sai yawan silinda. Sai tsarin bugun injin: John Deere mai silinda biyu ba ya bugu daidai da daidai, na biyu na bin na farko bayan digiri 180, sannan a yi dogon jira na digiri 540, abin da ke ba shi sautin nan nasa mai ɗingishi. Magniton da bai san wannan rawa ba ba zai yi masa kiɗa ba. Sai wayoyin filogi, waɗanda dole su zama masu jan ƙarfe a ciki, ba irin na motocin yanzu masu zaren gawayi da ke rage ƙarfin wuta ba. Wasu in sun gaji sukan cire magniton gaba ɗaya su sa distirbita (mai raba wa filogi wuta) da kwayil na mota da batir. Yana aiki, ban musa ba, sai dai taraktar ta shiga sahun masu jiran caji ke nan.

Na wurin dattijon dai kwandensa ne kawai ya mutu. Ya aiki yaronsa layin masu kayan babur ya samo na tsohon babur mai kwantak, bai shiga mazaunin na asali ba, sai ya ɗaure shi a waje da guntun langalanga, ya ce wa mai shi ya rufe shi da robar tiub kafin damina ta sauka.