Robar kan babur mai ɗumi: ku karanta kafin ku sake tambayata

Tunda sanyi ya shigo nan Ingila 'yan uwa masu kai abinci a babur sun hana ni sakat a kan robar hannu mai ɗumi, wadda ake jona wa batir ta ɗumama tafin hannu. Toh ga amsa wuri ɗaya, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Gefe ɗaya ya daina zafi, ta mutu kenan?

Kusan kullum gefen totur ne, shi ake murɗawa yini guda har wayar ta karye daga ciki. In duka biyun suka ɗauke tare, duba fiyus tukuna kafin ka zubar da kuɗinka.

Wane girma zan saya?

Milimita 22 ga yawancin babura, irin su Harley kuma inci 1. Ka auna kaurin ƙarfen kan babur ɗinka mana.

An aiko min ɗaya raminta ya fi faɗi, an cuce ni?

Ba wanda ya cuce ka malam, ta dama ce, a kan bututun totur take zama.

Ya zan cire tsohuwar?

Reza. Ka tsaga ta a tsaye ka ɓare, amma a hankali a gefen dama don bututun nan roba ne. Sai ka kankare tsohon gam tas, in bututun na da ƙuraje ka goge su da samfefa.

A ina zan jona wuta, kuma batirina zai ɗauka?

Yauwa, wannan ce tambaya. Gaskiya ya danganta. Idan ka ƙure zafin, biyun suna jan wajen amp 3 zuwa 4, babban babur ko a jikinsa, amma ƙaramin babur mai injin 125cc da muke aiki da shi cajinsa ba yawa, ga fitila a kunne ga waya a caji ga tsaye-tsaye a danja inji na salo, kaga abin da ke fita zai iya fin wanda ke shiga. Ba wai lallai batirin zai mutu ba, wani zai shekara lafiya lau, wani sati biyu sitata ta fara kukan kaza, musamman in dama batirin ya tsufa. Sa mitar auna wuta a kan batir ka ɗan ja totur robar na kunne, in ka ga sama da bolt 13 da sauƙi, in yana sauka wajen 12 rage zafin. Maganar jonawa kuma, kai tsaye a batir ya fi sauƙi, kuma sabbin robobin kamfanin Oxford suna kashe kansu in sun ji injin ya tsaya, amma ni dai hankalina ya fi kwanciya da rile, wato ɗan makunnin da sai an murɗa makulli yake ba da wuta. Na taɓa shiga karɓar oda na manta ta a kunne, turi na sha cikin ruwan sama. In ba ka san wayarin ba kai wa mai wayarin, ba abin kunya ba ne. Kuma dan Allah kar a cire fiyus a ɗaure da zallar waya.

Zan iya sa sabulu ko mai don ta shige?

A'a! So kake kana kan titi robar ta riƙa juyawa totur na tsaye?

Gam ya kama min ita a rabin hanya fa.

Ai na sha faɗa, a gwada ba gam tukuna. Jona ta ka tabbatar tana zafi, zura ta, ka murɗa totur har ƙarshe ka saki ka ga ya koma da kansa, wayar na da sarari ba ta taɓa hannun birki, ka yi alama da biro. Sannan gam, ka tura lokaci ɗaya ba tsayawa, sufa gulu ba ya jiran kowa, kuma kar ka ja ta wajen wayar. Taka da ta maƙale kam sai reza, ka sayi wata. Sabuwar ka bar ta ta kwana kafin ka hau.