Waiwaye: Yadda kwazazzaban Kogin Kolorado suka haifi labaran binciken kisa

A kudu maso yammacin Amurka, Kogin Kolorado ya sare dutse ya yi kwazazzabon Grand Canyon, mai tsawon kusan kilomita 446, da zurfin da ya kai mita 1,800 a wasu wuraren. Wanda ya sa kwale-kwale a ciki ya shiga ke nan. Hagu bango ne na jan dutse, dama ma bango, ruwan kuwa ba ya komawa baya. Marubutan binciken kisa a Amurka sun daɗe da gane cewa wannan wuri ɗaki ne a kulle: mutum goma sha biyu a jirgi, an yi kwana takwas babu gari, a wayi gari a ƙirga a ga saura goma sha ɗaya. Amma kogin ya riga su fara labarin.

A ranar 24 ga Mayu 1869, John Wesley Powell, tsohon sojan da ya rasa hannun dama a yaƙin basasar Amurka, ya tashi daga garin Green River a jihar Wyoming da kwale-kwale huɗu, su goma. A ƙarshen Agusta abinci ya kusa ƙarewa, ga wani mugun gangaren ruwa a gabansu. Mutum uku, 'yan'uwan nan Howland biyu da William Dunn, suka ce sun haƙura, suka hau dutse da ƙafa. Ba a sake ganinsu ba. Kwana biyu kacal bayan rabuwar, Powell da sauran suka fita lafiya. An ɗora wa mutanen Shivwits, 'yan asalin yankin, alhakin kisan, daga baya wasu suka nuna yatsa ga fararen da suka zauna a wurin.

Labarin da ya fi kama zukata shi ne na ango da amarya, Glen da Bessie Hyde. A Oktoba 1928 suka shiga kogin daga jihar Yuta a jirgin katako da Glen ya haɗa da hannunsa. Da sun gama tafiyar, da Bessie ce mace ta farko da aka rubuta ta ratsa Grand Canyon ta ruwa. Sun tsaya wajen mai ɗaukar hoto Emery Kolb, ya ba su rigunan kariya daga nutsewa, Glen ya ƙi karɓa. A Disamba aka tsinci jirgin yana kan ruwa daram, kayan abinci na ciki, littafin da Bessie ke rubuta abin da ya faru kowace rana na ciki, su kuwa babu ko alama.

Daga nan sai ji-ta-ji-ta ta karɓi aikin. A 1971 wata dattijuwa a cikin 'yan yawon kogi, ana zaune a bakin wuta da dare, ta ce ita ce Bessie, wai ta soke mijin da wuƙa ta gudu. Daga baya ta musa. Bayan rasuwar Kolb a 1976 aka ga ƙwarangwal a ma'ajiyar jirginsa, da ramin harsashi a ƙoƙon kai. Bincike ya nuna ba Glen ba ne. Sai kuma Georgie Clark, shahararriyar mai tuƙa jirgi a kogin, da ta rasu a 1992 aka samu takardar auren Hyde a cikin kayanta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa littafi guda, kuma har gobe masu tuƙi na ba wa fasinjojinsu labarin idan dare ya yi.

Wanda ya ɗaga wannan adabi sama, a ganina, shi ne Tony Hillerman, wanda ya fara a 1970 da 'yan sandan ƙabilar Nabaho, 'yan asalin yankin. A littafinsa A Thief of Time na 1988, ɗan sanda Joe Leaphorn ya gangara Kogin San Juan, wani reshen Kogin Kolorado, shi kaɗai a ƙaramin kwale-kwale, yana neman wata mai binciken kayan tarihi da ta ɓace. Kisan na nan a labarin, amma abin da ke ƙarƙashinsa shi ne satar tukwanen mutanen da daga kaburburansu, ana sayar wa masu kuɗi. Laifi ne na gaske, har Amurka ta kafa doka a kansa a 1979. Wannan ne ya sa nake girmama aikinsa: a wajensa kwazazzabon gida ne na wasu mutane, da kakanninsu a binne a ciki, tun kafin baƙo ya zo da filafilinsa.

Nevada Barr, wadda ta yi aikin gadin gandun daji da kanta, ta biyo baya daga 1993 da jarumarta Anna Pigeon. A 2009 ta kai ta Rio Grande, kogin da ya raba Amurka da Meziko, inda tafiyar nishaɗi ta ci karo da siyasar kan iyaka.

Akwai kuma dam. Da aka rufe ƙofofin madatsar Glen Canyon da ke kan Kogin Kolorado a 1963, Tafkin Powell ya haɗiye kwazazzabai da kufai masu yawa. Ya taɓa har ƙasan wani kwazazzabo mai suna Davis Gulch, inda aka ga jakunan Everett Ruess, matashi ɗan shekara 20 da ya ɓace a 1934. A 2009 aka sanar cewa an gano ƙasusuwansa, gwajin ƙwayoyin halitta na biyu ya rushe maganar, ashe na wani Banabahe ne, aka mayar wa ƙabilar Nabaho. Tun lokacin da fari ya tsananta a shekarun 2000 ruwan tafkin ke ja baya, bangon dutsen da ya yi shekaru a nutse yana fitowa da farin tabo a jikinsa, masu kwale-kwale kuma sun koma shiga lungunan da iyayensu ba su taɓa gani ba.