Dokar zangon radar mota: inda ta tsaya, da abin da ta bar wa masu ƙera motoci

Da yawa daga cikin motocin tokumbo da ke sauka a tashoshin Apapa da Tin Can na Legas yanzu suna zuwa da rada, na'urar da ke harba sigina don gano abin da ke kewaye da mota: ɗaya a bayan tambarin gaba ko ƙasan bamba, wasu biyu a kusurwoyin bambar baya. Ita ke sa mota ta rage gudu da kanta, ko ta kunna fitila a madubi idan wata ta laɓe a gefe. Ƙaruwa kuma za su yi, domin tun Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta birki mai kama kansa a kan duk sabuwar ƙaramar mota, Amurka kuma ta tsayar da 2029. To idan irin waɗannan motoci suka cika gadar Third Mainland, kowace tana harba siginarta, wace doka ce ke hana su rikita juna?

Zango, wato yankin mita da rediyo da waya da rada ke aiki a kai, dukiyar ƙasa ce, rabawa ake yi. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa Majalisar Kula da Zango ta Ƙasa, ta kuma ba hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ikon tantance samfurin na'urorin sadarwa kafin a yi amfani da su. Shi ya sa a shafukan ƙarshe na littafin wasu motoci ake ganin layin da ke cewa NCC ta yarda da amfani da na'urar. Samfurin ake tantancewa, direba ba ya zuwa neman lasisin rada.

Asalin rabon kuwa daga hukumar sadarwa ta duniya ITU yake. A taronta na Janiba a Nuwamban 2015 aka ba rada yankin gigahaz (ma'aunin mitar sigina) 77.5 zuwa 78, wanda ya sa zangon 76 zuwa 81 ya haɗe babu giɓi. A 2017 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe shi duka ga motoci, ta kuma sa iyakar ƙarfin sigina. A Turai 76 zuwa 77 na radar hangen nesa ne, 77 zuwa 81 na ta kusa. Tsohuwar rada mai faɗin zango ta gigahaz 24 an daina sa ta a sababbin motoci a Turai da Amurka daga farkon 2022, amma waɗanda suka riga suka fito suna nan suna aiki.

Nan dokar ta tsaya. Ta shata fili, ta ƙayyade ƙarfi, amma ba ta ba kowace mota nata layin ba, ba ta kuma tilasta wa kamfanoni dabara guda ta kauce wa juna ba. Wannan giɓi ne na gaske, kuma ya dace a damu da shi.

Dalilin yana cikin yadda radar ke aiki. Tana sakin sigina da ke hawa daga ƙasan zango zuwa samansa cikin 'yan ɗaya-bisa-miliyan na daƙiƙa, ta maimaita sau ɗaruruwa, tana sauraron abin da ya dawo. Daga mota mai nisan mita 150, amsar kan dawo cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Amsar nan mai rauni ce ƙwarai: idan nisa ya ninka biyu, ƙarfinta na raguwa sau 16, alhali siginar motar da ke fuskantarka kai tsaye sau 4 kawai take raguwa. Kamar mai sauraron raɗa ne a tsakiyar kasuwar Mile 12. Idan hawan siginonin biyu ya bambanta, sai su gitta juna, hayaniya ta ƙaru, abu mai ƙaramar amsa kamar mai tafiya a ƙasa ko ɗan acaɓa ya ɓace. Idan hawan ya zo ɗaya kuma lokacin ya dace, sai radar ta ga motar da babu ita, ta iya taka birki a banza. Na farkon ya fi yawa, ya kuma fi haɗari, don direba ba ya jin komai.

Ɗaya daga cikin dabarun kauce wa wannan ita ce tsallen zango, wato radar ta daina zama wuri ɗaya. A ce an yanka gigahaz 77 zuwa 81 gida huɗu, kowane gigahaz ɗaya. Wata radar na canza gida a kowane zagaye ba bisa tsarin da za a iya hasashe ba. Wata kuma tana saurarawa tukuna, sai ta ji katsalandan sannan ta koma gidan da ya fi shiru. Lissafin mai sauƙi ne: da maƙwabciya ɗaya, damar karo kashi 25 ne cikin 100. Da uku, damar samun gida babu kowa ta sauka zuwa kusan 42. Da goma, ba ta kai 6 ba. Wato dabarar na da amfani a sakakken titi, amma a gosulon Oshodi ba ta isa ita kaɗai ba.

Tana kuma da farashi. Rada mai amfani da gigahaz 4 gaba ɗaya na iya bambance abubuwa biyu da tazarar kusan santimita 4 ta raba, mai gigahaz 1 kuwa sai santimita 15. Sannan idan tsallen ya zo a tsakiyar zagayen awo, sai kwamfutar ta gyara lissafi, in ba haka ba awon gudu ya lalace. Don haka ake haɗa shi da jinkirta lokacin harbi kaɗan-kaɗan, da karkatar da sigina digiri 45 don na mota mai zuwa ya zo a gicciye, da goge ɓangaren bayanan da ya gurɓata. Duk wannan a cikin manhajar na'urar yake, babu makanikin da zai murɗa shi da hannu.

Abin da ke hannun mai mota shi ne kada ya ƙara wa radar rauni, domin wadda ta riga ta raunana ita katsalandan ke fara dannewa. Kada a ɗaura garkuwar ƙarfe ko lambar mota a gabanta. Kada fanel bita ya lafta kwaɓin cike ko fenti mai ƙyallin ƙarfe da kauri a daidai wurin. In za a sayi wata radar a kasuwar kayan mota ta Ladipo, lambar kayan ta zo daidai da ta tsohuwar, don rada ta gigahaz 24 ba ta maye gurbin ta 77. Bayan duk karo ko cire bamba, a kai motar a saita radar da kwamfuta a kan shimfiɗaɗɗen daɓe. Karkatar digiri ɗaya kacal na kautar da hangenta da kusan mita 1.7 a nisan mita 100, rabin faɗin layin titi ke nan.